Ba Kowane Ciwon Hankali Ne Hauka Ba

(Jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na raya karkara ya gabatar a taron bita na dattawan ikilisiya, Zumuntar Mata da matasa masu aikin sa kai daga ƙauyukan Ajingi da Gaya. Mun buga shi domin a karanta a majami'u.)

 

Kun saba idan na tsaya a gabanku, maganar rijiya ce, ko bankin hatsi, ko adashin mata. Yau kuwa maganar kalmomi na kawo. Ni ba likita ba ne, aikin raya al'umma na karanta, saboda haka ba zan koya wa kowa ba da magani ba. Abin da ya sa na ga ya wajaba mu zauna a kan wannan batu shi ne littafin da masu aikin sa kai suke rubuta gidajen mabukata a ciki. A gurbin da aka ce a rubuta matsalar mutum, sau da yawa kalma ɗaya muke gani: mahaukaci, ko mahaukaciya. In muka bi sawu muka je gidan, sai mu tarar wannan yarinya ce mai farfaɗiya, wancan tsoho ne da ya ruɗe, waccan kuwa mai jego ce da ta daina magana. Ciwo uku daban-daban, magani uku daban-daban, amma an zuba su a buhu ɗaya an ɗaure bakin. Hausawa sun ce suna linzami ne. Inda sunan ya ja mutum, can ake kai shi. Wanda aka kira mara lafiya, asibiti ake nufa da shi. Wanda aka kira mahaukaci, turu ake nema masa.

Bari mu fara da kalmar da ta fi faɗi, wato lafiyar hankali, wadda a rediyo za ku ji ana cewa lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba maganar marasa lafiya kaɗai ba ce. Kowa a ɗakin nan yana da ita, kamar yadda kowa yake da lafiyar ido ko ta ciki, wata rana ta yi ƙarfi wata rana ta yi rauni. Mai lafiyar hankali shi ne wanda yake iya ɗaukar wahalar yau da gobe, ya yi aikinsa, ya yi barci, ya zauna da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da wata lalura ta hankali. Ku ƙirga mutanen da ke zuwa sujada ran Lahadi a majami'arku, ku raba takwas. Ba maganar Turawa ba ce, maganar bencin da kuke zaune a kai ce.

Na farko da nake so mu fitar daga buhun nan shi ne farfaɗiya, domin ita ce aka fi zalunta. Farfaɗiya ba hauka ba ce ko kaɗan. Ƙwaƙwalwa tana aiki da wani ɗan lantarki na jiki, wani lokaci sai ya harɗe na ɗan lokaci, mutum ya faɗi, ya sandare, ya yi ta karkarwa, kumfa ta fito. Bayan mintoci kaɗan ya farfaɗo, hankalinsa garau. Abin da ke kawo ta a wurinmu sananne ne: doguwar naƙuda da ta wahalar da jariri, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, buguwa a ka daga haɗarin babur, da sanƙarau. Manyanmu suna tuna annobar sanƙarau ta 1996 a Kano. Wasu yaran da suka tsira a lokacin, ciwon ya bar musu kurumta ko farfaɗiya, yanzu magidanta ne. Kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma masana sun ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suna sha kullum. Maganin ba ya cikin masu tsada sosai.

To, me muke yi mu? Yaro ya faɗi a makaranta ko a majami'a, kowa ya watse, domin an ce wanda yawunsa ya taɓa ya ɗauka. Iyayena, wannan ba gaskiya ba ce. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta kwano, ko ta tabarma. Gudun da muke yi shi ne yake barin mutum ya faɗa wuta ko rijiya, shi ya sa kuke ganin masu farfaɗiya da tabon ƙuna. In mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa tsumma ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko sanda a baki, kada a ɗura masa kome. In karkarwar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefe ɗaya. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, a nemi mota. Mace mai ciki kuwa ko wadda ta haihu kwanan nan, in ta soma jijjiga, wannan wani ciwo ne daban mai kisa, ba a jira ko minti ɗaya, sai asibiti.

Na biyu, damuwa. Wannan kalma muna amfani da ita kullum har ta yi sauƙi a baki. Kowa yana damuwa in taki ya yi tsada. Amma akwai damuwar da ta zama ciwo, wadda ma'aikatan lafiya suke kira ciwon damuwa ko tsananin damuwa. Alamarta ita ce baƙin ciki ko mutuwar zuciya da ya kai mako 2 ko fiye, kusan kullum, har mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a dā. Mace da take jan waƙa a Zumunta ta koma bencin baya, daga nan ta daina zuwa. Magidanci ya bar ciyawa ta cinye gero, ba don ƙiwuya ba, jikin ne ya ƙi. Barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Sau da yawa ba zai ce maka yana baƙin ciki ba. Zai ce kansa yana zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu yana yawo a jikinsa. Ya sha maganin taifot sau uku a kemis, ba sauƙi.

Mu masu bi muna da wata kalma da muke jifan irin wannan mutum da ita: rashin bangaskiya. Ina roƙon fastocinmu su yi mini haƙuri, amma ku sake duba labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan babbar nasara ya gudu jeji, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Abin da aka fara yi masa ba tsawa ba ne. An bar shi ya yi barci, an ba shi abinci da ruwa, har sau biyu, kafin a yi maganar aiki. In an yi wa annabi haka, ban ga dalilin da za mu tsayar da gwauruwa a gaban ikilisiya mu ce addu'arta ce ta yi kaɗan ba.

A nan dole in taɓo abin da ba mu son ambata. Ciwon damuwa in ya yi tsanani yakan kai mutum ga tunanin kashe kansa. In wani ya ce ya gaji da duniya, ko gara ma ya mutu, kada ku ce wasa yake yi, kada kuma ku rufe masa baki da "Allah ya sawwaƙe". Ku ja shi gefe ku tambaye shi kai tsaye. Tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, tana ba shi ƙofar magana ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. Kuma mu manoma muna da haɗari a cikin ɗakunanmu: maganin feshi, maganin ƙwarin wake, fiya-fiya. Kusan kashi 1 cikin 5 na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha, yawancinsu a karkara, sau da yawa cikin zafin rai na sa'a ɗaya wanda da ya wuce da sun rayu. Maganin feshi a akwati mai kwaɗo ya kamata ya zauna, mabuɗin a hannun babba, ba a ƙarƙashin gado ba.

Kusa da damuwa akwai fargaba da firgici. Wanda ya ga mugun abu da idonsa yakan ɗauke shi ya tafi da shi gida. Waɗanda ruwa ya rushe musu ɗaki da dare a ambaliyar 2022, wasunsu har yau in hadari ya haɗu ba sa iya kwanciya. Maƙwabtanmu na Majiya a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, inda tankar mai ta kama wuta a watan Oktoba 2024 mutum fiye da 150 suka mutu, a cikin waɗanda suka kwashe gawawwaki ba za a rasa wanda ƙaurin hayaƙi kaɗai yake tayar masa da hankali ba. Mafarki mai ban tsoro, zabura, gudun wurin da abin ya faru, duk ba tsoro irin na rago ba ne. Rauni ne, sai dai ba ya zubar da jini.

Iyayena mata, yanzu gare ku, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku ne kuke dafa ruwan wankan jego, ku ne kuke kwana da mai haihuwa, ku kuke fara gani. Kuka da saurin fushi na 'yan kwanaki bayan haihuwa abu ne da ya saba faruwa, yana wucewa. Amma in makonni suka shuɗe yarinya ba ta murmushi, ba ta son ɗaukar jaririn, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana kama fiye da mace 1 cikin 10. Akwai kuma wanda ya fi wannan gaggawa, ko da yake bai cika faruwa ba, mace 1 ko 2 cikin 1,000: cikin makonnin farko ta ruɗe, ta daina barci ɗungurum, tana maganar da ba kai, tana cewa an musanya mata ɗa. Wannan a ranar ake kai ta asibiti, kuma kada a bar ta da jaririn ita kaɗai. Abin farin ciki shi ne yawancinsu suna warkewa sarai. Abin baƙin ciki kuwa, ciwon yakan warke cikin watanni, sunan ya zauna shekara talatin. Miji ya mayar da ita gidansu, 'ya'yanta su tashi ana ce musu 'ya'yan mahaukaciya, in 'yarta ta isa aure a ce gidan akwai abu a jini.

Sai tsofaffi. Hausa tana da kalma mai kyau a nan, gigin tsufa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke cin tunani a hankali. Tsohuwa ta manta ta ci tuwo, ta ce an hana ta abinci. Ta fita da dare tana neman gidan ubanta da ya rushe tun tuni. Ta kira matattu kamar suna nan. In aka tarar da ita tsakar dare a bayan gidan wani, kun san kalmar da ke biyo baya: mayya. In aka matsa mata da tambaya, za ta amsa duk abin da aka sa mata a baki, domin ba ta san abin da ake tambaya ba. Sai a ce ai da bakinta ta faɗa. Duk dattijon ikilisiya da aka kawo wa irin wannan ƙara, ina roƙonsa ya fara tambayar shekarunta da yadda tunaninta yake a shekarun nan.

Yaron da aka haifa da jinkirin fahimta, wanda muke ce wa dolo ko gaɓo, ko ma a ce ɗan ruwa ne, shi ma ba mahaukaci ba ne. Sau da yawa wahalar haihuwa ce, ko shawara mai tsanani a makon farko, ko rashin sinadarin aidin a abincin uwa. Ba ƙwayar da za ta mai da shi kamar sauran yara, amma yana koyo in an bi shi a hankali: ya yi wanka da kansa, ya yi kiwon awaki, ya share majami'a.

Maganar ƙwaya ba zan daɗe a kanta ba, kun fi ni sani. Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu 2018, matsalar ba ta ƙare ba, taramol da wiwi da sholisho suna nan. Abu ɗaya zan ƙara: yaron da ya fara shan taramol don ya iya yin ƙwadago tun safe har yamma, bayan wani lokaci ba don daɗi yake sha ba, jikin ne ya kamu. "Ɗan ƙwaya" zagi ne, ba ya raba kowa da ƙwaya.

To, me ya rage a buhun? Ya rage abin da likitoci suke kira taɓin hankali mai tsanani. Mutum yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, yana ganin ana bin sa ko an sa masa guba, maganarsa ta warwatse, ya daina kula da jikinsa. Yakan fara ne tsakanin ƙarshen samartaka da shekara 30. Mafi shahara a cikin irinsa yana kama kimanin mutum 1 cikin 300. Akwai kuma wanda ke zuwa lokaci-lokaci: mako biyu mutum ba barci, yana rabon kuɗi, yana wa'azi a kasuwa, bayan haka ya faɗi cikin baƙin ciki. Duka biyu suna da magani, kuma mutane da yawa da ke shan sa suna noma suna aure. Amma ku lura, wanda ya ruɗe farat ɗaya tare da zazzaɓi yana sambatu, wannan zazzaɓin ne ya hau kai, asibiti mafi kusa ake kai shi nan take.

Na san tambayar da ke zuciyar wasu: aljanu fa? Sammu fa? Ba zan yi gardamar tauhidi a gaban malamaina ba. Zan dai tuna mana da shan inna. Sunan kansa yana cewa wata iska ce, Inna, ta shanye ƙafar yaro. Da wannan suna a baki, me zai sa uwa ta yarda ɗigo biyu a bakin jariri zai kare shi? A 2003 aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano, sai a 2004 aka ci gaba, kuma a tsakani cutar ta bazu har wasu ƙasashe. Da aka dage da rigakafi, yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar nan a Sumaila ne, a watan Yuli 2014, kuma a watan Agusta 2020 aka tabbatar ta ƙare a Afirka. Sunan bai canza ba, amma yau ba wanda zai ce a kai yaro gidan bori maimakon rigakafi. In ɗanka yana zazzaɓi kana yi masa addu'a kana kuma ba shi magani, ba ka ga saɓani ba. Haka ya kamata a yi wa ciwon hankali. Kada mu yanke cewa iska ce tun likita bai gani ba, kada kuma wani ya ce wa mara lafiya ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya. Daina magani farat ɗaya shi ne babban abin da ke dawo da ciwon.

Game da mari da turu. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa. Kada wani a cikinmu ya ce wannan aikin waɗancan ne. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ta tarar da masu ciwon hankali a ɗaure a asibitocin gwamnati, da gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addinin Musulunci, da kuma wuraren addu'a na Kirista. Na san iyali ba don mugunta suke ɗaure ɗansu ba. Sun gaji ne, suna tsoron ya ɓata ko ya ji wa wani, kuma ba wanda ya nuna musu wata hanya. Amma sarƙa ba ta taɓa warkar da kowa ba. A Markus sura 5 ma, mutanen gari ne suka yi ta ɗaure mutumin nan na makabarta ba su ci nasara ba, kuma da ya warke, gida aka aike shi wurin danginsa. Gaskiyar magana, masu wannan ciwo sun fi shan duka a hannunmu fiye da yadda muke sha a hannunsu.

Doka ma ta canza baki. Tsohuwar dokar da aka gada daga Turawa, ta 1916 da aka sabunta a 1958, sunanta ma dokar mahaukata ce, kuma abin da ta fi kula da shi shi ne yadda za a tsare mutum. A watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta ɗauki mai ciwon a matsayin mara lafiya mai haƙƙi, wanda ba za a wulakanta shi ko a nuna masa bambanci ba. Doka a takarda take, likitocin wannan fanni kuwa kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan. Amma muna da inda za mu: a fara da asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gaya, daga can a tura mutum asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi da wanda ya san yadda ciwon ya fara, da duk magungunan da aka riga aka sha. Kuma kada ku raina abin da ƙauye zai iya yi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta: maimakon a kulle marasa lafiya, sai aka saukar da su a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a da yamma. Duniya ta zo ta koyi wannan daga Nijeriya, shi kuma ya kai har Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Saura kashi na biyu na maganata, wanda ya shafe mu duka, masu lafiya da marasa lafiya. Ban da sunan yanka, kowa yana da sunayen da jama'a suke rataya masa: na ƙabila, na addini, na sana'a, na halin da ya sami kansa. Su ne ke faɗa wa mutum ko shi wane ne a cikin mutane. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Yawancinmu kakanninmu Maguzawa ne. Masana suna cewa kalmar daga Larabci ta fito, daga Majusu, kuma da wannan suna ne aka ba kakanninmu matsayin waɗanda za su zauna da addininsu a ƙarƙashin sarakunan Musulmi suna biyan haraji. Wasu kuwa suna danganta ta da gudu. Ko wanne ne, akwai dattawan da ke faɗin "ni Bamaguje ne" da ƙirji a buɗe, akwai kuma matasan da in an kira su haka a makaranta sai su sunkuyar da kai. Kalmar arne kuwa ba ta da fuska biyu, reni ce kawai.

Abin da ya fi ciwo shi ne a ce maka ba ka wanzu ba. A kasuwa a ce, "Bahaushe kuma Kirista? Ai ba a yi." Ka je birni, ɗan'uwanka mai bi daga wata jiha ya ji sunanka da harshenka, ya ja jakarsa kusa da shi. Ka je neman takardar shaidar asali, a dube ka sama da ƙasa a ce ka kawo ƙarin hujja, alhali kabarin kakan kakanka yana bayan gari. Tarihin Kano kansa ya ce maƙeran da suka fara zuwa Dala neman tama daga Gaya suka tashi, shi ya sa ake ce wa zuriyarsu Abagayawa. Mutumin ƙasar Gaya ba baƙo ba ne a Kano, ko wane addini yake bi, kuma sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa. Wannan ƙishi na samun suna na kanmu shi ya sa wasu suka zaɓi kalmar Masihiyawa, har aka yi Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ta Hausawa da Fulani da Barebari masu bi.

Me ya haɗa wannan da lafiyar hankali? Yaron da kullum ake nuna masa shi ba kowa ba ne, wata rana zai yarda. Masana suna kiran wannan tsangwama, kuma sun lura tana da hawa biyu: wadda mutane ke yi maka, da wadda kai kake yi wa kanka bayan ka haɗiye maganarsu. Ta biyun ta fi illa. Ita ce ke sa ɗalibi ya ɓoye sunansa, ita ce ke sa mai farfaɗiya ta ƙi zuwa karɓar magani don kada a gan ta a layi. Wanda ya raɗa wa asibitin kutare na kusa da Kano suna Yadakunya, inda mishan na SIM suka yi aiki tun shekarun 1930, ya gane cewa kunyar tana ciwo kamar cutar.

Mu da muka san zafin suna, ya kamata bakinmu ya fi na kowa tsabta, amma ba haka abin yake ba. A cikin ikilisiya muna da juya, muna da bazawara, muna da shege, muna da "tubabbe" ga mutumin da ya yi shekara ashirin da baftisma. Muna da sunayen da muke kiran Fulanin rugar da ke kusa da mu in ba sa nan, bayan da safe matansu suka kawo mana nono. Muna ce wa mutum gurgu ko makaho kamar iyayensa ba su yanka masa rago ba. Tun Janairu 2019 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, har a rediyo an koma cewa masu buƙata ta musamman. Wani zai ce canza kalma ba ya sa gurgu ya miƙe. Haka ne. Ni ma ba na son doguwar kalma da ba abinci a bayanta. Amma akwai bambanci tsakanin "mahaukaciyar gidan wane" da "Talatu, wadda ba ta da lafiya". Ta farko an gama da ita. Ta biyu tana da suna, ana sa ran ta warke, kuma in ba a gan ta ran Lahadi ba wani zai je dubiya. In kana shakkar yadda za ka kira mutum, ka tambaye shi sunan da yake so.

Bayan an sha ruwa za mu kasu uku, dattawa da fastoci wuri ɗaya, Zumuntar Mata wuri ɗaya, matasa wuri ɗaya. Kowane rukuni zai duba, ba tare da ambaton sunan kowa ba, ko akwai wanda ke ɗaure ko a kulle a ƙauyensu, ko mai farfaɗiya da ba ya shan magani, da kuma nawa ne kuɗin mota daga can zuwa Gaya da Kano, domin mu san abin da za mu kai gaban kwamitin taimako.